Sigina a Ƙarshen Duniya

"Kashe shi!"

"Zuciyata, saura fa kaɗan ya ƙare..."

"Na ce ka kashe shi, ko in kashe shi da takalmina!"

Ya miƙa hannu ya danna kwamfutar, hoton ya tsaya cak a kan wani ƙato da ya kifa kwandon roba a ka, ya rataya tsohuwar salansar mota a wuya. Wai shi ne Sarkin Tsatsa, mugun fim ɗin. Na san mutumin sarai, mai facin taya ne a bakin titi.

Muna zaune a ɗan ofishin garejinsa, fanka tana kaɗa warin baƙin mai daga wannan bango zuwa wancan. Wanda nake shirin aura ke nan a gabana, bakanike mai hankali da kunya, wanda unguwa take yabo. Watanni shi da abokansa suna ɓacewa ranar hutu wai suna haɗa fim, ni kuma na ɗauka ɗan wasa ne na rage zafi. Yau ya kira ni in gani, har da sayo mini lemo mai sanyi. Lemon ma ya fita raina.

"Malama, ya kika gani?" Da wannan sunan yake kirana, don 'yan firamare nake koyarwa.

Na ja numfashi na gyara zama.

"Bari in gane. A fim ɗin nan fetur ya ƙare a duniya, ko?"

"Ƙaf!"

"Saura jarka ɗaya."

"Ɗaya tak, rabin raina."

"Shi ne mutanen gari suka cika tankunansu taf, suka fita tsere don su ci jarka ɗaya?"

Ya sosa ƙeya.

"Wannan... gaskiya ba mu yi tunaninsa ba."

"Kuma gidan man da ke bayanku fa? Ga shi can a buɗe, har da layi!"

"Mai kyamara ya ce ba za a lura ba."

"Wanda aka kashe da farko, na gan shi daga baya a cikin 'yan kallo yana cin gyaɗa. Bom ɗin da ya tashi, da baki wani ya yi ƙararsa, har na ji ya yi tari. Kana ihu wai kai ne Guguwa, ba ka birki, ga kaza a gefe ta wuce ka a ƙafa! Kuma don Allah, ana bin ka da gatari, duniya ta tashi, babu kowa a titi sai kai da maƙiyanka, wa kake sa wa sigina kafin ka sha kwana?"

"Hannun ne ba ya jin magana," ya ce a hankali. "Mun yi ta sake ɗauka har mai kyamara ya yi fushi. Da na ga kwana sai ya tafi da kansa."

Da wani ne ya yi fim ɗin da na yi dariya. Amma ni takaici ne ya kama ni, don na san abin da ke jirana a gida.

Baba ya ƙare ƙarfinsa yana koya wa mutane tuƙi. Rabin direbobin unguwarmu ta hannunsa suka bi, har da wannan Guguwan nawa tun yana saurayi. A duniya babu abin da Baba ya tsana kamar gudu da mota. Tun muna yara yake cewa ɗan ganganci a titi ba zai zauna masa a falo ba, balle ya ɗauki 'yarsa. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Yana asibiti Yaya ya sayar wa 'yan gwangwan tsohuwar motar koyarwarsa, wadda Baba yake kira Tsohuwa, wai ta tare tsakar gida. Ranar da aka dawo da Baba ya kalli wurin da take tsayawa, ya kau da kai. Tun daga nan maganarsa ta koma ɗaiɗai, dariya kuwa mun manta yadda tasa take.

Yaya shi ne ke juya gidan yanzu, kuma shi abokinsa mai kyamis yake so in aura. Baba ne kaɗai bai yanke ba. Ya ce a ba shi lokaci ya duba bakaniken.

"Ka goge shi," na ce. "Idan Baba ya gan ka kana tsere, tamu ta ƙare."

Ya sunkuyar da kai.

"Yaran... sun riga sun sa shi a intanet tun jiya."

Sai da na dafa tebur.

"Ka kashe ni! Wallahi ka kashe ni!"

"Zuciyata, ki kalli ƙarshen mana, akwai abin da nake so ki..."

"Ba na kallo! Wanda na gani ma Allah ya isa!"

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun kaɗa.

"Baba kike tsoro, ko kunyata kike ji?"

Raina a ɓace yake, bakina ya riga hankalina.

"Kunyarka nake ji! Ka ji daɗi?"

Ya rufe kwamfutar a hankali, ya ɗauki tsumma yana goge hannun da babu komai a kai. Na suri jakata na fita, na bar masa lemonsa.

*

Kwanaki suka wuce bai kira ba, ni ma girman kai ya hana ni.

Fim ɗin kuwa ya bazu kamar ƙaiƙayi. A makaranta yara suna zagaye fili da murfin bokiti a hannu suna ihun "Ni ne Guguwa, ba na birki!" A ɗakin malamai na tarar da manyan mata sun haɗa kai a kan waya ɗaya, wata har ta zame daga kujera tana share hawaye.

"Ke, zo ki ga kazar nan!" in ji malamar lissafi. "Wallahi na kalli finafinan da aka kashe musu dukiya na yi barci. Wannan kuwa kullum sai na maimaita, kuma kullum sai na gano sabon shirme. Ban taɓa ganin abu mai muni da daɗi haka ba. Hawan jinina ma ya sauka!"

"Allah ya ƙara sauƙi," na ce, na juya na fita.

Ba su san Guguwan shi ne wanda zan aura ba. Na shiga aji na kama littattafan yara da jan biro, ranar ko mai ƙoƙari bai tsira ba.

Ranar hutu da la'asar ina wa Baba tausar hannu a falo, sai ga ƙamshin turaren nan mai hawa kai ya riga mai shi shigowa. Mai kyamis ne, Yaya na biye da shi yana washe baki. Mutumin nan ko gaisuwa zai yi sai ya haɗa da sunan magani. Ya durƙusa gaban keken Baba, ya ajiye ledar ƙwayoyi yadda kowa zai gani.

"Baba, ya ƙarfin jiki? Umma, sannu da gida." Ya juyo gare ni da murmushin nan nasa da na tsana. "Gimbiya..."

"Sannu," na ce, ban ɗago ba.

"Baba, ni ba mai shiga maganar mutane ba ne," ya fara, yana laluben aljihu. "Amma gidan nan gidana ne. Idan na ga abin da zai cutar da ku na yi shiru, Allah zai tambaye ni."

Ya zaro filashi, ɗan abin nan da ake kwafar fim a ciki.

Na dubi Yaya, ya kau da kai.

"Yaya, don Allah..."

"Ke, yi mana shiru! Baba ya ce zai duba mutum, to ga shi an kawo masa har gida. Ya ga ɗan tseren da kike neman jajibo mana."

Umma ta fito daga kicin tana goge hannu. "Wai me ake yi ne?"

"Zauna ki gani, Umma."

Suka jona a talabijin. Na so in tashi in gudu ɗaki, amma hannun Baba mai lafiya ya riƙe nawa. Na zauna ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Fim ɗin ya ba ni ƙyama, amma ƙyamar mutumin da ya tsuguna yana gyara waya da hannunsa mai zobe ta ninka ta. Ya zo ya tozarta wanda bai taɓa yi masa komai ba, kuma da sunan Allah a bakinsa.

Aka fara. Ga hayaƙin tsohuwar taya, ga murya mai kauri tana cewa fetur ya ƙare a duniya. Ga Sarkin Tsatsa da kwandonsa.

"Wannan ba mai faci ba ne?" in ji Umma. "Kwandon matarsa ne fa a kansa, ni na raka ta ta saya!"

"Umma, ki duba abin da ya kamata," in ji Yaya.

Sai ga motar Guguwa, an lulluɓe ta da kwali an shafe da baƙin fenti, an kakkafa mata ƙahonin gwangwani. Ya leƙo ta taga ya daka tsawa.

"Ni ne Guguwa! Ba na birki!"

"Kun ji ko?" Mai kyamis ya nuna da yatsa. "Da bakinsa ya faɗa, Baba. Ba ya birki!"

Baba bai motsa ba. Idonsa na kan talabijin.

Aka buga ganga, motoci suka tashi. Kazar nan ta shigo daga gefe, ta jera da motar Guguwa, ta dube shi, ta wuce abinta.

Umma ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

Can ga 'yan gatari sun biyo shi, ga kwana a gaba. Fitilar gefen motar ta fara ƙiftawa ta cikin ramin da aka huda a kwalin. Ƙyaf... ƙyaf... ƙyaf. Ya rage gudun da dama babu shi, ya leƙa madubi, ya sha kwanarsa a natse.

Wani irin sauti ya fito daga maƙogwaron Baba.

"Innalillahi! Baba!" Na zabura. "Umma, ruwa!"

"Ku matsa, ku ba shi iska!" Mai kyamis ya yi tsalle yana zazzage ledarsa. "Na san haka za a yi, ɓacin rai ne ya taso masa da ciwon!"

Baba ya ture hannunsa. Kansa ya koma baya, ɓarin bakinsa mai motsi ya buɗe, hawaye na bin kumatunsa.

Dariya yake yi.

Muka tsaya cirko-cirko. Umma ta saki kofin ruwan a ƙasa, ta zauna daɓas tana kallon mijinta, ita ma sai hawaye.

"Mayar..." in ji Baba, da harshensa mai nauyi. "Mayar... baya."

Yaya ya mayar. Ƙyaf... ƙyaf... ƙyaf. Baba ya sake fashewa har yana dukan hannun keke.

"Madubi... sigina... kwana," ya ce. Haka yake jera wa ɗalibansa tun ina ƙarama ina leƙensu ta taga.

"Baba, amma tsere fa yake yi," in ji mai kyamis, muryarsa ta sirance.

"Kai... yi shiru. Ana kallo."

Muka ci gaba, har muka wuce inda na sa aka kashe ranar nan. Sarkin Tsatsa ya diro cikin motar Guguwa ta taga, ya faɗa kujerar gefen direba, suka kama kokawa. Garin kokawar ƙafarsa ta taka wani abu, motar ta tsaya cak, kwandon ya fice ta taga. Mai kyamara, da yake ba ya barin komai, ya sunkuyar da kyamarar yana neman abin da ya faru.

A ƙasan kujerar gefe akwai birki na biyu, irin na motar koyarwa. An naɗe shi da jar robar tiyo, naɗin da na sha gani Baba yana sabuntawa da hannunsa.

Dariyar Baba ta ɗauke.

"Tsohuwa..." ya ce. "Tsohuwa ce."

Ya juya a hankali ya dubi Yaya. Bai yi masa faɗa ba, kallo kawai. Yaya ya sunkuyar da kai kamar ya nutse a kujera.

A talabijin kuwa sauran motocin duk sun yi karo da juna saboda gudu, kowa ya kife a kwalinsa. Guguwa ya iso shi kaɗai a hankali, ya gyara fakin, ya ja birkin hannu, ya kwance bel, sannan ya fito ya ɗauki jarkarsa. Wannan ne ƙarshen da ya roƙe ni in gani na ƙi.

Baba ya matse hannuna.

"Kira shi."

Mai kyamis ya tattara ƙwayoyinsa ya ce ya bar shago babu kowa. Ba wanda ya raka shi, filashinsa ma a nan ya manta.

*

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Baba na kiranka," na ce. "Ka zo da motar."



"Ya gani ke nan?"

"Ya gani. Ni ma na ga ƙarshen." Muryata ta karye. "Ka yafe mini, masoyina. Bakina ne..."

"Har yanzu kunyata kike ji?"

"Kunyar kaina nake ji. Fim ɗin dai yana nan a matsayinsa, ban canza ra'ayi ba."

Na ji ɗan sautin dariyarsa, sai a lokacin numfashina ya daidaita.

Kafin rana ta faɗi muka ji ƙarar injin a ƙofar gida. Baba ya riga kowa ganewa, ya ɗaga yatsa. Yaya da kansa ya tura kekensa zuwa waje. Ga Tsohuwa da sauran kwali a jikinta, ƙaho ɗaya ya karye yana lilo, yaran layi sun biyo ta suna ihun ba na birki. Guguwan nawa ya sa sigina, ya tsaya a gefen titi, ya fito ya zube gaban Baba.

"Baba, ka yi haƙuri. A wurin 'yan gwangwan na gan ta za su yanka, na kasa wucewa. Na yi ta gyaranta a hankali, niyyata in kawo maka ita fes. Sai abokaina suka rasa motar fim... Wallahi ban taɓa wuce giya biyu da ita ba. Kwalin ma da zare muka ɗaura, ban bari an huda bodinta ba."

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Fim ɗinka..."

"Na'am, Baba."

"Shirme ne."

"Haka ne, Baba."

"Tunda nake... ban ga shirme... irinsa ba." Bakinsa ya fara rawa, dariyar na neman dawowa. Ya daure. "Amma duniya ta tashi... ba ɗan sanda... ba kowa... ka sa sigina."

Ya kamo hannuna ya dube ni, ya sake duban wanda ke durƙushe.

"Turo manyanka."

Umma ta rungume ni ta baya tana hamdala. Ni kuwa kuka nake yi sosai, irin mai majina, a gaban duk yaran layi, kuma ko a jikina. Yaya ya matso ya miƙa wa Guguwa hannu, ya ce a ƙasan maƙoshi, "Na gode da motar." Daga bakin Yaya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Baba ya nuna kujerar gefe. Su biyu suka ɗaga shi suka zaunar, suka ɗaura masa bel. Ya lalubi jan birkin nan da ƙafarsa mai lafiya, ya ɗora ta a kai, ya lumshe ido. Ni da Umma muka shiga baya, muka ture wani gatarin kwali gefe.

Muka tashi a hankali, kwali na karkaɗawa.

"Malama," ya ce ƙasa-ƙasa, "yaran suna maganar kashi na biyu fa."

"Ka yi, ka ga yadda ake fasa aure tun ba a ɗaura ba."

"An ce a ba kazar babban matsayi..."

"Ita kaɗai ce ta iya wasa a cikinku!"

Ya ɗago ido ya same ni a madubi. Ya yi murmushin nan nasa, ni ma na kasa riƙe nawa. Kallon ya ɗan yi tsawo.

Ƙiiii! Motar ta tsaya cak, ni da Umma muka dungura gaba, ƙahon da ya rage ya faɗo a kan gilashi.

Baba ya ɗage ƙafarsa daga birkin, ya nuna gaba da yatsa.

"Malam Guguwa," ya ce, kuma wannan karon harshensa bai sarƙe ba ko kaɗan. "Idonka a titi. Ita tana nan, ba inda za ta."